Kawu ɗan Beatles, amininsa ɗan Stones, ni kuma ɗan kallo

Duk ranar Lahadi bayan la'asar indai ina gari sai na leƙa gidan Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, nan Kaduna. Bari in faɗi gaskiya, rabi zumunci ne rabi kuma kallon faɗa ke kai ni, don ranar ce amininsa yake zuwa, wani dattijo da muke ce wa Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, su baje tabarma ƙarƙashin mangwaro da fulas ɗin shayi da goro su ɗora daga inda suka tsaya wancan satin. Musun nan guda ɗaya ne kuma ya girme ni nesa ba kusa ba, wai tsakanin ƙungiyoyin mawaƙan nan biyu, Beatles da Rolling Stones, su waye gaba.

Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wasu turawan Ingila masu gashi buzu-buzu, toh ai haka ma ina ruwanmu da Arsenal da Man U amma ga shi nan har gaba ake yi a gidan kallon ƙwallo. Su waɗannan dattawan a makarantar kwana suka kwaso abun, ƙarshen shekarun 1960 lokacin malamai turawa sun cika sakandaren Arewa, akwai wani malaminsu na Turanci da yake da garmaho a gida, ranar Asabar sai ya tara 'yan ajinsu ya sa musu faifai wai don kunnensu ya saba da harshen. A falo ɗaya suka zauna suka ji, amma Kawu ya fito da Beatles a ka, Baba ya fito da Stones, kuma daga ranar har yau da dukkansu sun haura 70 babu wanda ya matsa ko taku ɗaya. Kawu har Liverpool yake goyon baya a ƙwallo, mutumin da bai san sunan mai tsaron gidansu ba, kawai don garin 'yan Beatles ne.

Shi Kawu da lissafi yake faɗa, tsohon akawu ne. Zai gyara gilashi yace mutumina tsaya kaji, yaran nan huɗu, John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, waƙarsu ta farko ta fito 1962 suka watse 1970, shekara 8 kenan kacal, a cikin shekara 8 ɗin nan sun yi waƙa 20 da ta zo ta ɗaya a Amurka, akwai satin da a watan Afrilun 1964 daga ta ɗaya har ta biyar duk nasu ne, daren da suka fara fitowa a talabijin ɗin Amurka a shirin Ed Sullivan mutum miliyan 73 ne suka zauna kallo, kawo min naka. Haka yake jero su kamar mai karanta baucan albashi, ba ya tuntuɓe.

Baba kuwa ba ruwansa da lissafi, da murya yake faɗa. Yace Alhaji duk naji, amma mutanen naka ba sune suka gudu daga fili ba? Kuma gaskiya ne, tun watan Agustan 1966 Beatles suka daina yawon wasa, wasansu na ƙarshe a San Francisco, ihun 'yan mata ya kai ko su kansu ba sa jin abinda suke kaɗawa, sai suka koma situdiyo suka kulle kansu. Toh a wajen Baba wannan shi ne babban abin kunya, yace makaɗin da ba zai tsaya gaban jama'a gumi na zuba ba ai ba makaɗi bane, tela ne mai ɗinki a ɗaki, yace ka taɓa jin Shata yace ihu ya dame shi ya koma gida? Su Mick Jagger da Keith Richards na Stones tun 1962 suke fili, sun tara mutum kusan miliyan ɗaya da rabi a bakin teku a Rio a 2006, sun je Kuba 2016 sun yi wasa kyauta, mai gangarsu Charlie Watts ya rasu 2021 suka share hawaye suka ci gaba. Nan Kawu zai kurɓi shayi a hankali yace wannan ai ba abin alfahari bane, tsoho an haife shi 1943 yana tsalle da matsattsen wando gaban jikokinsa, nawa sun san lokacin tashi suka tashi da mutuncinsu. Sai Baba yace tashi ko faɗa? A kotu fa suka ƙare. Shikenan an kunna.

Na daɗe ina ganin kowa ya zaɓi wanda ya yi kama da shi ne. Kawu mutum ne mai guga, kaftaninsa ko ƙuda ya sauka sai ya zame, ba ya ɗaga murya, toh ga Beatles da kwat da nakatayi da askin kai iri ɗaya. Baba kuwa hula a karkace, dariya har maƙwabta, ya yi faɗa da manyansa a wajen aiki ya fi a ƙirga, toh ga Stones 'yan ta-kife waɗanda iyaye a Ingila suke hana 'ya'yansu saurare. Sai da na zauna na bi tarihin da kaina na tarar abun a juye yake. Beatles ɗin da ake gani salihai su ne 'ya'yan talakawan Liverpool, sun yi shekaru daga 1960 zuwa 1962 suna zuwa Hamburg a Jamus suna kwana kiɗa a mashaya cikin unguwar 'yan iska, da rigunan fata, manajansu Brian Epstein ne ya wanke su ya sa musu kwat. Shi kuma Jagger sarkin 'yan ta-kife ɗan malamin makaranta ne, yana karatu a London School of Economics ya bari ya kama waƙa, kuma manajansu Andrew Oldham, wanda ya ɗan taɓa yi wa Beatles ɗin aikin talla, shi ya ga ai kasuwar yaran kirki an riga an cinye ta, bari ya buɗe ta marasa ji. Wato dai gabar da dattawan nan biyu suka ɗauka a ka shekara 50 da ɗoriya wasu 'yan kasuwa ne suka zana ta a ofis a Landan. Su mawaƙan abokai ne ma, kamfanin Decca da ya ƙi ɗaukar Beatles a 1962 George Harrison ne ya ba su shawara su je su ga Stones, kuma a 1963 Lennon da McCartney suka ba Stones waƙa sukutum suka rera ta shiga kasuwa. Da na faɗa wa Baba wannan cewa ya yi eh ai sadaka ba ta hana mai karɓa ya fi mai bayarwa arziki daga baya. Kawu kuma ya riƙe maganar kamar ya tsinci kuɗi, har yau in musu ya yi zafi sai yace yi min shiru, almajiranmu.

Makamin Baba mafi kaifi shi ne labarin Legas, kuma wannan labarin ina son shi don namu ne. A 1973 bayan Beatles sun watse McCartney ya kwaso matarsa Linda da abokin kiɗansa Denny Laine suka taho Legas yin faifai a situdiyon EMI da ke Apapa, a tunaninsa zai zo ya sha rana a bakin ruwa, dab da tafiya ma mutum biyu cikin makaɗansa suka ce ba za su ba. Ya zo ya tarar da damina da situdiyo rabi-da-rabi, wani dare suna tafiya a ƙafa shi da matarsa 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka kwashe komai har da kaset ɗin da ya ɗauki gwajin waƙoƙin, ana kukan targaɗe sai ga karaya, Fela ya fito fili yace bature ya zo satar kiɗan baƙar fata, sai da McCartney ya kira shi ya sa masa abinda suka ɗauka yaji babu kiɗan Afirka a ciki sannan ƙura ta lafa. Baba in ya zo nan har tafi yake, yace ka ga mutuminka, Fela ya ritsa shi. Kawu yace ƙarasa labarin mana, faifan da ya fito daga wannan wahalar, Band on the Run, ba shi ne ya fi duk abinda ya yi bayan Beatles karɓuwa ba? Kuma shi McCartney da bakinsa ya sha faɗa cewa da yaje gidan rawar Fela yaji makaɗansa hawaye ya yi. A lokacin ma akwai wani baturen a Legas, Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream, wanda ya keto Sahara da mota ya zo ya zauna ya buɗe situdiyo a Ikeja har suka yi faifai da Fela a 1971, shi wannan duk su biyun suna girmama shi, kusan shi kaɗai ne suka yarda da shi tare.

Toh ni fa? Ni ba na cikin ko ɗaya, kuma wannan ma laifi ne a wajensu. Ni ɗan wata ƙungiyar ne daban, Led Zeppelin, ɗan gani-kashe-ni. A cikin kwalin kaset ɗin Kawu na tsince su ina aji uku a sakandare, wani kaset da aka ba shi bai taɓa ji har ƙarshe ba, ranar ba kowa a gida na sa a rediyonsa mai bakin kaset biyu na ƙure murya, da gangar John Bonham ta shigo wallahi sai da na waiga na ɗauka wani ne ke dukan ƙofar gareji. Ban san me mawaƙinsu Robert Plant yake cewa ba, har yau ma rabi bana ganewa kuma na gano ba asara nayi ba, amma nauyin kiɗan nan ya zauna min a ƙirji. Kaset ɗin ya sha tsinkewa ina liƙa shi da jan farce na yayata, ina juya shi da biro don kar batir ya ƙare.

In ana maganar amana ni nan nake kafa hujjata. Bonham ya rasu a watan Satumban 1980, giya ce ta kashe shi yana da shekara 32, ba abin koyi bane ko kaɗan, amma sauran ukun, Jimmy Page da Plant da John Paul Jones, a watan Disamba suka fitar da sanarwa cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, suka rufe shago alhali a lokacin kuɗi kamar ƙasa suke samu. Da suka haɗu wasa guda a Landan a Disambar 2007 ɗansa Jason ne ya zauna a kan gangar, mutum miliyan 20 suka nemi tikitin zauren da bai wuce cin mutum dubu 20 ba, aka yi ta lallashin Plant da maƙudan kuɗi su zaga duniya yace a'a. Wannan ya burge ni. Baba yace wannan ba amana bace ragwanci ne.

Sai dai nima an taɓa kama ni dumu-dumu, kuma abun ya min ciwo. Wani abokina da muka yi jami'a tare, shi ba ruwansa da rock sai blues na baƙaƙen Amurka, ya zaunar da ni a ɗakinsa ya sa min wata tsohuwar waƙa da Muddy Waters ya rera wadda Willie Dixon ya rubuta, sannan ya sa min shahararriyar waƙar Zeppelin ta 1969, baitocin kusan ɗaya, kuma ba su sa sunan mutumin ba sai da ya kai su kotu a 1985 aka sasanta aka biya shi. Kun san me nace? Nace ai sun gyara ta ne. Ina faɗa naji muryar Kawu a bakina. So hana ganin laifi, da wani ne ya yi wannan da ɓarawo zan kira shi kai tsaye, amma da yake nawa ne sai na nemo masa suna mai daɗi. A nan kam dole in sara wa Stones, su tun farko ba su ɓoye inda suka sha nono ba, sunansu ma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi, kuma sun yi ta jan dattawan blues ɗin suna kai su gaban turawa. Ban taɓa faɗar wannan gaban Baba ba kuma dan Allah kar wanda ya kai masa.

Masoyan ƙungiyar Pink Floyd kuwa nasu ya fi na kowa ban tausayi don su a cikin gida ɗaya suke yaƙi. Faifansu na 1973 ya yi sama da sati 700 a jerin waɗanda aka fi saye a Amurka, amma tunda Roger Waters ya fita a 1985 ya nemi kotu ta hana David Gilmour da sauran amfani da sunan, masoyan suka rabe biyu, wasu suce Waters ne ƙwaƙwalwar wasu suce jitar Gilmour ce ran. Sun haɗu sau ɗaya a 2005 suka yi 'yan waƙoƙi, aka rungumi juna da ƙyar kamar kishiyoyi ranar suna. Na lura ma a 'yan shekarun nan wasu samarinmu da ba su taɓa jin waƙar Floyd ko ɗaya ba sun zama 'yan Waters saboda yadda yake tsaya wa Falasɗinawa, ka ga nan kunne bai ma shigo lissafin ba.

A gidana kuwa ni kaɗai ne. Uwargida in na sa Zeppelin cewa take Abban yara dan Allah rage wannan hayaniyar kamar ana gyaran kwano, ita a bar ta da waƙoƙin fina-finan Hausa tana aiki tana bi. Ƙanina kuma Afrobeats, yace min yaya kiɗan nan naka ba inda mutum zai taka. Ƙungiyar Queen ce kawai ta taɓa haɗa mu, su ma ta dalilin ƙwallo, wannan bugun na dum dum tas da ake yi a filin wasa kowa ya san shi bai san na waye ba. Da na faɗa musu mawaƙin, Freddie Mercury, a Zanzibar aka haife shi 1946 sunansa na yanka Farrokh Bulsara, kuma a tsakiyar babbar waƙarsu ta 1975 akwai inda suke cewa bismillah, sai da uwargida ta sa na mayar da wajen sau uku, daga nan ta yanke hukunci wai Musulmi ne ya ɓata, nace a'a iyayensa mabiya addinin Zoroaster ne 'yan asalin Indiya, tace ni dai naji abinda naji. 'Yan Queen su ma suna da abinda ba sa so a tuna musu, kowa zai baka labarin minti 20 ɗin da suka yi a Wembley a wasan tara wa Habasha kuɗin yunwa a 1985, amma ba mai son faɗa maka cewa a 1984 sun je Sun City a Afirka ta Kudu sun yi wasa ana tsakiyar wariyar launin fata duniya ta ce kar a je.

Wanda ya fi ba ni mamaki wani Buzu ne mai gadi a layinmu, mutumin wajen Agadas. Wata rana ina wanke mota na sa kiɗan ƙungiyar Dire Straits sai naga ya taso daga kan bencinsa ya zo ya tsaya, yace wannan ai namu ne. Nace naku kamar yaya? Yace a can duk yaron da ya ɗauki jita wannan mutumin yake kwaikwayo, wato mai jitarsu Mark Knopfler, shi da gwanin jitar nan na Amurka Jimi Hendrix. Kuma haka ne, Bombino na Agadas da bidiyon Mark Knopfler da Hendrix ya koyi hannu, in ka saurari yadda Knopfler ke tsinkar igiya da yatsu ba tare da ɗan robar nan ba sannan ka saurari jitar Abzinawa za ka ji dangantakar. Ya ciro wayarsa ya tura min Mdou Moctar, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Robert Plant ɗina ma ashe ya je bikin kiɗan hamada a Mali a 2003 ya hau dandali. Shi mai gadin bai san Beatles ba, Stones ma bai san su ba, da na sa masa su ya ɗan saurara cikin ladabi yace ba laifi, amma mayar min da na ɗazu.

Toh Lahadin da ta wuce na shirya wa Kawu tarko. Stones sun fitar da faifai a 2023, Hackney Diamonds, a ciki akwai wata waƙa mai gudu da hargowa wadda McCartney da kansa ne ya kaɗa jitar bas a ciki. Na bari sai da suka yi nisa, Kawu yana cikin cewa Stones ba su taɓa iya kiɗa ba sai ihu, har yana kafa hujja da cewa McCartney ma ya taɓa kiransu masu maimaita waƙoƙin blues na mutane, Baba yana rama masa da maganar Jagger cewa ɗaya ƙungiyar har yau tana cika filin wasa ɗayar kuma babu ita, sai nace Kawu bari in sa muku wata sabuwa ku yi mana alƙalanci. Na haɗa wayata da 'yar sifika na ajiye a tsakiyar tabarma. Ba a yi minti ɗaya ba Kawu ya yamutsa fuska ya ɗaga hannu yace kashe kashe, wannan ai injin markaɗe ne, musamman wannan abun da ke gurnani a ƙasa, wane mara tarbiyya ne ke kaɗa shi?

Nace ranka ya daɗe, Paul McCartney ne.

Baba goron bakinsa ya fesar, ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa yana salati, hularsa ta gangara har bakin rariya, Inna ta leƙo daga kicin tana tambaya lafiya. Kawu bai ce komai ba, ya cire gilashi ya goge da bakin riga ya mayar, ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa yana karanta sunayen da ke ƙasan waƙar da kansa don bai yarda da ni ba. Can yace ɗana sake sa min daga farko. Na sake. Wannan karon ya sunkuyar da kai ya rufe ido, na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin silifas, da aka zo inda bas ɗin ya fito shi kaɗai ya ɗaga yatsa sama yace yauwa, kaji wajen nan ko, kaji hannun manya, ai ni tun ɗazu nake cewa akwai wani abu a ƙasa da ya riƙe waƙar, ba don shi ba da ta watse.

Baba ya tashi zaune yana share hawaye yace Alhaji kaji tsoron Allah, yanzun nan fa kace mara tarbiyya. Kawu yace da mai ihun nake. Sannan ya juyo gare ni yace in tura masa ita a WhatsApp, amma in yanke masa daga inda Paul ya fara zuwa inda ya tsaya, sauran ba ya buƙata. Aka kira magariba muka tashi alwala, Baba na neman hularsa yana cewa sati mai zuwa zai zo da nasa tarkon, wai in taya shi nemo waƙar Beatles da Jagger ya sa baki a ciki.